Ranar da Yaya Ta Tare Ƙofa da Muciya

Ga ta nan, ku matso ku kasa kunne. Amma kada wanda ya amsa mini amsar tatsuniya, don wagga ba tatsuniya ba ce. Labarin yayata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ungozomar ƙauyenmu na gefen Turba, wadda anka kai makwancinta bayan an ɗaure gero. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta. Ni ban iya alƙalami ba. Faɗi nake ana rubutawa, don ba ni yarda in bar labarinta a bakin waɗanda sunka zo zaman makoki.

Na gan su ai. Kwana uku ina zaune a bakin ɗakinta da carbi a hannu, ina kallon masu shiga da masu fita. Wata ta sauko daga motar Isa tana taɗi tana dariya, sai da ta sa ƙafa a zaure sannan ta tuna da kuka, ta ɗora hannu a ka tana, "Wayyo uwar gari! Wayyo mai hannun albarka!" Ita ce fa wadda kafin ta koma Isa, in Yaya ta biyo ta ƙofar gidanta sai ta janye ɗiyanta ciki ta sa sakata. Wata ta gyara zama ta ce, "Tsufa ne, dare ɗaya ya zo mata." Ta kusa da ita ta ce, "A'a, iska ce, ta taka wani abu a bakin gulbi." Ta ukunsu ko ɗago kai ba ta yi ba daga akushin tuwo, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ta huta, mu ma mun huta." Sannan duka sunka shafa fatiha, sunka koma zancen tsadar barkono.

Tsufa dare ɗaya! Wannan ita ce maganar da ta fi ƙona mini rai. Sa'adda abin ya soma ko furfura guda babu a kan Yaya. Tana ɗauko tulu daga rijiya ba gammo, tana surfe tun hantsi har azahar ba ta zauna ba. Kusan shekara talatin abin nan shina cinta a gaban idonsu, sannu a hankali, kamar gara cikin azara. Su kuwa ba su ga komi ba sai ranar da rufi ya faɗo.

A ɗakina kuma, bayan labule, jikata tana zaune da ɗiya uku da cikin na huɗu. Wata biyar ke nan da mijinta ya kawo ta ya ajiye. Bai sake ta ba, bai kuma mai da ita ba. An ce masa shi da matarsa nono ɗaya sunka sha, ke nan wa da ƙanwa ne, zamansu haramun ne. Kuma ya faɗa da bakinsa, in Yaya ta rasu ba ta warware maganar ba, ana tashi daga makokin bakwai zai rubuta takarda. To ga Yaya ta rasu. Ku riƙe wannan a hannu, za ni dawo kanta.

Yaya wurin innarmu ta gaji ungozomanci. Ku abin da kunka sani na ungozoma yankan cibi ne da dafa ruwan wanka. Akwai wani kaya da take ɗauke da shi wanda ido ba shi gani: ita ta san wanda ya sha nonon wa. A ƙauye irin namu, mace ta haihu nono ya ƙi zuwa, ko ta kwanta ciwo, ko ta rasu, maƙwabciya ce ke ɗaukar jinjiri ta sa masa nata. Ba malamin da ke rubutawa. Shekara ashirin ta wuce, yaro ya ga yarinya, to kafin a kai goro sai an aiko wurin Yaya. Ta rufe ido ta ce, "Babu komi tsakaninsu, a ɗaura." Ko kuwa ta ce, "Kul! Uwarsa ta shayar da ita shekarar da rijiyar masallaci ta rufta." Kuma shi ke nan an gama.

Ni kaina ina cikin kayan nan. Da na zo gida haihuwar fari, nono ya kumbura mini, ɗiyata tana kuka ba abin sha. Matar gidan da ke bayan namu tana goyon namiji, ita ta shayar da ita har na warke. Ɗiyata da wancan yaro sunka zama 'yan'uwan nono, gari duka ya sani. Ɗiyar tawa ita ce uwar jikata. Wancan yaro kuwa shi ne uban mijin jikata. Da anka zo neman aure malamai sun ce ɗiyansu kamar ɗiyan wa da ƙanwa suke, aure ya halatta, anka ɗaura.

Yaya tana da magana guda da kowa ya san ta da ita. In ka kawo mata labari, ko na ɓatan kaza ne, sai ta ce, "Wa ya gani?" In kuma za ta faɗi abu mai nauyi sai ta ce, "A kira mini mutum biyu." Ana mata dariya, ana cewa ta mai da tsakar gida kotun alƙali. Ba ta da zaƙin baki, ban taɓa jin ta yabi tuwon kowa ba. Amma wata damina, wata Bafillata da ke can ruga tana naƙuda, ruwa ya cika hanya, mijin ya zo neman ungozoma. Yaya ta ɗaure zane a ƙirji, ta ɗora itacen girkinta a ka don ta san na ruga ya jiƙe, ta ratsa ruwa har ƙugu. Kwana bakwai tana zuwa tana dawowa. Ranar suna anka miƙo mata kason ungozoma, ta ture ta ce, "Ku ba mai jego, ita ta yi aikin."

Ta ɗan haura arba'in abin ya soma, kuma da ƙananan abubuwa ya soma. Ta sa gishiri a miya, ta juya, ta sake sawa. Ta tafi kasuwar Isa sayen reza da zare, ta dawo da daddawa. Ta tsaya tsakar gida da hannu a miƙe tana cewa, "Ba ni wancan, wancan na dama fura," sunan ludayi ya ɓace mata. Ta koma ƙulla bakin mayafinta don tuna saƙo, da yamma ta zauna tana kallon ƙulli uku ba ta san na mene ne ba. Ga ciwon ƙeya da ba shi barinta. Mutanen gida sunka mai da abin wasa. In miya ta yi gishiri sai a ce, "Yau ma Inna ta yi mana kyauta biyu."

Ni a Tsamaye nake aure lokacin. Na zo ganin gida, ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Auta, kaina ya soma yoyo."

Na ce, "Yaya, gajiya ce."

Ta ce, "Na san gajiya, da ita na tashi. Wagga daban take. Na da can suna nan daram, in faɗa miki wanda ya sha nonon wa tun zamanin innarmu. Na jiya ne ba su zama. In na ajiye, in na waiwayo babu."

Na sa ta gaba munka shiga mota har asibiti a Isa. Wata ma'aikaciya, mace mai haƙuri, ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta duba, ta sake ɗaurawa. Ta ce jininta ya hau, kuma da alama ba yau ya soma ba. Ta tambaye ta abin da take ci. Ku kun san al'ada, duk gidan da ake jego sai an miƙa ma ungozoma kunun kanwa, in ta ƙi sha an ce ta raina gida. Yaya kuwa wata rana gida uku take zagawa. Ma'aikaciyar ta girgiza kai ta ce, "Inna, kina ganin lafiyarki lau don kina daka. Wannan ciwon ba yau yake kayar da mutum ba. Ƙwaƙwalwa ba ta jiran furfura kafin ta fara gajiya. A irin shekarunki take farawa, a ɓoye, jini mai hawa kuma yana ƙara mata sauri. Ban ce ƙwaya za ta hana abin da Allah ya rubuta ba. Amma tare abu yanzu ya fi sauƙi da tare shi bayan an tsufa." Ta ba ta magani ta ce kullum ne, ko tana jin ciwo ko ba ta ji, ta rage gishiri da kanwa, ta dinga dawowa awo.

Ta sha na wata uku, ciwon ƙeya ya lafa. To mijinta ya riga ya rasu, ɗanta na fari ne mai gida, shi ke zuwa Isa ranar kasuwa shina karɓo mata. Wata rana ya dawo hannu sake. Ya tsaya bakin zaure ya ce ma matarsa, yadda uwar za ta ji, "Inna lahiyatta lau. Macen da ke surfe ita ce mara lahiya? So ake a mai da ita baiwar ƙwaya. Na bari."

Ga wautar da sai mu. Ɗan fari ne. Yaya ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta taɓa roƙonsa ko ruwan sha ba, kunyar ɗan fari. Macen da ke tsawata ma magidanci in ya leƙo ɗakin haihuwa, ta kasa buɗe baki ta ce ma ɗan cikinta, "Karɓo mini maganina." Da na ji na zo na same shi, ya ce, "Inna ƙarama, ku mata kuna son asibiti kamar gidan biki." Na yi ta aiko mata daga Tsamaye in na samu mai zuwa, wata a samu, wata uku babu. Kunun kanwa kuwa ba gidan da ya daina miƙo mata. In ta ce an hana ta, uwar mai jego ta ɓata fuska ta ce, "Namu ne dai ba ki so."

Da ta ga haka, wata Juma'a ta aika gida-gida, ta ce mata su zo bayan la'asar za ta juye musu abin da ke kanta tun shina nan. Huɗu sunka zo. Ta soma jerowa, wance ta shayar da wane, wane da wance ba aure. Ba ta kai rabi ba guda ta ce, "Haba Inna, wasiyya kike yi? Ke da ko jika ba ki aurar ba!" Sunka kwashe da dariya, wannan ta tuna da tukunya a wuta, waccan ta tuna da akuya a sake. Ta rage ita kaɗai a kan tabarma. Ni ce na zauna da ita daga baya, duk zuwan da na yi, na ɗauki abin da kaina ya iya ɗauka.

A shekarar kuma ɗiyata, wadda ke aure nan ƙauyen, ta kwanta zazzaɓi, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Ta bar jinjira 'yar wata huɗu, ita ce jikata. Saƙo bai iske ni ba sai bayan kwana biyu. Da na iso na tarar da farar akuya ɗaure a ƙofar ɗakin Yaya, ita kuma tana ɗura ma jinjira dafaffen nononta da ƙaramin cokali. Gari ya ɗauka, ungozoma ta taɓu, ga masu goyo cike da gari ta ba marainiya nonon dabba. Gidan bayanmu kuwa sun daina gaishe mu. An ce surukarsu, uwar wanda zai zamo mijin jikata, ta zo da nono za ta taimaka, Yaya ta kore ta. Ni ban gani ba, labari na iske.

Na ce, "Yaya, mi ya sa? Gidan da ya rayar mini da ɗiya?"

Ta ce, "Shi ya sa. Gidan nan da namu ba su rabuwa da auren juna. In na bari yarinyar nan ta sha, sabon kaya ne, sabo kuwa ba shi zama a kaina. Shekara ashirin a zo tambayata, in ce ta sha ko in ce ba ta sha ba, ban san wadda za ta fito ba. Akuya ba ta da ɗan da zai zo neman aure."

Bafillatar nan da Yaya ta ratsa ruwa dominta ita ta ba ta akuyar. Ma'aikaciyar Isa ta yi faɗa da ta ji, ta ce nonon akuya kaɗai bai isa jinjiri ba, ta nuna mata madarar jarirai ta gwangwani, anka haɗa. Yarinya ta rayu. Har ta yi wayo 'yar akuya ake kiranta a rijiya, kuma wadda ta raɗa mata sunan ita ce babbar ɗiyar gidan bayanmu, yayar uban mijin jikata. Gwaggonsa ke nan, wadda ta riƙe shi bayan iyayensa sun rasu. Ku riƙe ta ita ma.

Daga nan sai gangara. Ba faɗuwa ba, gangara, shekara bayan shekara. Ta soma tambayar abu guda sau biyar. Ta yi sallar azahar, ta sallame, ta tashi ta sake alwala. Mata sunka daina kiranta haihuwa, ba wadda ta zo ta ce mata an gode. Wata rana anka tsinto ta a hanyar gona tana neman gidan kakarmu da ya rushe tun muna 'yan mata. A nan ne ɗan fari ya yarda uwarsa ba ta da lafiya, sai ya ce iska ce. Ya kawo mai hayaƙi, anka lulluɓe ta da bargo tana tari tana kiran innarmu. Wanda ya ga ƙwaya guda a rana ta yi ma uwarsa yawa, shi ne bai ga hayaƙi ya yi mata yawa ba. Da mijina ya rasu na tattara na dawo gida, na karɓe ta.

Abu guda bai bar ta ba, hannunta. Ba ta san sunana ba, amma ka ɗora mata jinjiri a cinya, sai ka ga hannun ya tallafi ƙeya, ya duba cibi, ya miƙe ƙafafu. Waɗanda ta yanke ma cibi kuwa, sun zama magidanta da gemu, su ne ke wucewa ta ƙofarmu suna cewa, "Tsohuwa, yau wace shekara muke?" don su ji abin dariya.

Ranar Sallar layya da ta wuce, da hantsi, jikata da mijinta sunka zo gaisuwa, gwaggonsa tana biye. Sunka zauna gabanta a tabarma. Yaya ta dube su, ta dube su, fuskarta ta washe. Ta kira jikata da sunan uwarta. Ta kira mijin da sunan ubansa. Ta ce, "Kun girma! Ku ai nono ɗaya kunka sha. Ku riƙe zumunci, amma ba aure tsakaninku."

Gwaggo ta dafe ƙirji ta yi salati da ƙarfi, yadda na zaure za su ji.

Na ce, "Ke ɗiyar nan, ba ki ji sunan da ta kira ba? Iyayensu take gani."

Ta ce, "Inna, maganar Allah ba a wasa da ita. Ungozoma ta faɗa. Mutum in ya kusa tahiya gaskiya ke fita bakinai."

Ku ji fa. Shekara goma suna cewa mahaukaciya, ko gaisuwarta ba su amsawa. Rana ɗaya ta faɗi abin da ya yi ma wata daɗi, sai ta koma waliyiya. Anka je wurin liman, ya ce maganar mace guda, kuma wadda hankalinta ya gushe, ba ta raba aure. Amma waswasi ya riga ya shiga yaron. Mutumin kirki ne, mai tsoron Allah, sai dai gwaggo ce ta raine shi, kullum tana kunnensa, "In gaskiya ce fa? Mi za ka ce ranar tsayuwa?" Na tuna masa da akuya, gwaggo ta ce akuya daga baya ta zo, kwana biyun farko wa ya sani? Na ce an kori uwarsa daga ƙofa, ya ce, "Kaka, ke da bakinki kin ce ba ki nan." Tsofaffin da sunka gani, wasu sun rasu, wasu sun watse Sakkwato da Nijar tun da daji ya ɓaci, na nan kuwa tsoron bakin gwaggo suke.

Na aje girmana na tafi gidanta. Na ce, "Don Allah ɗiyar nan, ranar da ɗiyata ta rasu kina wurin. Faɗi abin da kinka gani."

Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Ni ban tuna ba, Inna. Abin ya daɗe."

Duk Juma'a yaron nan shina zuwa ya durƙusa gaban Yaya ya ce, "Kaka, ni da matata mun sha nono ɗaya?" Ita kuwa ta kira shi da sunan ubansa ta tambaye shi ko innarsa ta gama kaɗin zare. Haka har ta cika.

To ga mu ranar sadakar uku. Da hantsi an raba gumba da masa, tsakar gida cike da mata. Ɗan fari ya shigo da liman don a yi mana addu'a, mijin jikata na bayansu riƙe da buzun liman. Ɗan fari ya ce, "Iyaye da 'yan'uwa, Inna ta zauna da ku shekara da shekaru. Duk wadda ta ɓata ma rai, don Allah ta yafe mata."

Mata sunka amsa baki ɗaya, "Mun yafe, Allah ya yafe mu duka."

Sai gwaggo ta yi gyaran murya. Irinta ba ta iya yafiya cikin taro inda ba a ganin girman tata. Ta ce, "Ni dai na yafe. Allah shi ne shaida na yafe, ko da yake abin da ta yi ma gidanmu ba kowa ke iya yafe shi ba."

Na sassauta murya na ce, "Allah ya ba ki lada, ɗiyata. Yafiya irin wagga sai mai babbar zuciya. Mi ta yi muku? Faɗi, mutane su san nauyin abin da kinka bari."

Ta gyara mayafi, ta dubi mata hagu da dama. Ta ce, "Ranar da ɗiyarki ta rasu, gawa na kwance ko fitar da ita ba a yi ba, matar ƙanena ta sheƙo da gudu don ta taimaki marainiya, nono na zuba har ya jiƙa mata gaban riga, shuɗin zane ne ma a jikinta. Matar nan ta tare ƙofa da muciya! Ta ce ko ɗigo. Gabana, gaban mutane. Ta goya jinjira ta tahi ruga ta jawo akuya. Nonon gidanmu da ya rayar da uwar, shi ne bai kai na akuya ba! Har anka yaye yarinyar nan ko ɗauka ba ta taɓa bari matar ƙanena ta yi ba. Baiwar Allah ta koma ga Mahaliccinta da ciwon wulakancin nan. Amma na yafe."

Na ce, "Ko ɗigo?"

Ta ce, "Ko ɗigo!"

Na ce, "Wa ya gani?"

Ta ce, "Ni na gani da idona!"

Sai a lokacin maganarta ta kai kunnenta. Buzun liman ya suɓuce daga hannun yaron ya faɗi ƙasa.

Liman ya ce, "Baiwar Allah, abin da kinka faɗa yanzu, haka yake?"

Sai mai akushin tuwon nan, wadda ta ce mu ma mun huta, ta ga inda iska ta juya, ta ce, "Haka anka yi, malam. Ni ma ina wurin. Ni na riƙe ma matar ɗanta na goye."

Mutum biyu. Yadda Yaya take so.

Yaron ya ce, "Gwaggo, wata biyar ina tambayarki kina cewa ba ki tuna ba."

Ta ce, "Yanzu ya faɗo mini."

Na ce, "Allah sarki. Har da launin zane. Wannan shi ne kai mai lafiya."

Ban ƙara ba, makokin yayata ne. Amma ku auna da kanku. Mace ta ji kanta na yoyo tun tana da ƙarfinta, ta hango shekara ashirin da bakwai gaba, ta sayi baƙin jinin gari don ta tsare auren jinjirar da ko zama ba ta iya ba. Masu kai lafiyayye kuma, wannan ya hana magani, waɗancan sun ƙi zama su koya, waccan ta manta da gangan.

Ga yadda kowa ya ƙare.

Gwaggo ba ta ƙara bi ta ƙofarmu ba. Ina jin labari tana faɗi a rijiya cewa ita ce ta ceci auren da shaidarta.

Bafillatar nan da mutanenta sun tashi da shanunsu sun yi arewa tun shekarun baya, ban san ko tana raye ba. Ma'aikaciyar Isa an daɗe da canza mata wurin aiki, Allah ya saka mata. Farar akuya Yaya ta hana a yanka ta, tsufa ya kashe ta, jikokinta ne ke cin dusa a bayan ɗakina.

Ɗan fari ya haura hamsin. Ranar sadakar nan sau biyu ya tambaye ni ko an raba gumba, kuma na ga shina dafe ƙeya. Na ce ya tafi Isa a auna shi. Ya ce, "Inna ƙarama, lahiyata lau, ina noma." Na ce an taɓa faɗin wannan a zauren nan. Matarsa ta matsa ya je sau ɗaya. Maganin shina nan saƙale a saman ƙofarsa, ban ga shina raguwa ba.

Ni kuwa duk ranar da hanya ta yi kyau ina shiga mota in miƙa dantsena. Na bar kanwa, wadda ta ga na raina gidanta ta gani. Abin da na ɗauka daga bakin Yaya ina juye ma mata biyu duk Juma'a, in sun yi dariya in jira su gama in ci gaba.

Yaron ya zo bikon matarsa tun kafin bakwai. Na ce sai an share makoki, wanda ya iya wata biyar zai iya kwana huɗu. Ta koma ɗakinta. Da sanyi ya shigo ta haifi mace, anka sa mata sunan Yaya. Ranar suna tsakar gida ta cika da fuskokin nan dai na makoki, jinjira tana ƙirjin uwarta. Na dafa bango na miƙe, na ɗaga murya na ce, "Ku duba da kyau. Nonon uwarta take sha, ba na kowa ba. Wa ya gani?"

Sunka kwashe da dariya, na ji wata tana cewa tsohuwa ta soma irin na yayarta. Na ce su yi dariyarsu, amma su amsa.

Sai da mutum biyu sunka ce sun gani, sannan na zauna.